Shin mutum zai iya ƙiyasta shekarunsa daga tarihin gidansu da yadda yake rayuwa?

Tsohon Akawu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina neman afuwa idan ta yi wa wani nauyi. Shekaruna 57, saura uku in yi ritaya, kuma an fara yi mana bayanin zaɓin da ke gabanmu game da kuɗin fansho. Ko dai mutum ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fansho ana yanko masa wata-wata, abin da ya rage bayan ransa ya zama na magada, ko kuwa ya miƙa su ga kamfanin inshora wanda zai riƙa biyansa har iyakar ransa. Da na zauna na yi nazari sai na ga zaɓin duka ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato shekara nawa mutum yake tsammanin zai yi bayan ya ajiye aiki.

Ɗana ya nuna mini wata manhaja a waya wadda ke tambayar shekarun mutum da nauyinsa da tsayinsa, da ko yana shan taba, da shekarun da iyayensa suka yi, sa'an nan ta ba shi adadi. Ni ta ba ni 81. To amma mahaifina ya rasu yana da 61 bayan shanyewar ɓarin jiki, ƙaninsa ma haka ya rasu yana da 58, alhali kakana, wato mahaifinsu, an ce ya haura 100. Mahaifiyata tana nan da ranta, tana neman 80. Ni kuma na sha taba kusan shekara 20, na bari ina da 41. A cikin waɗannan duka, wanne ne mai hankali zai riƙe, ko kuwa duk ɓata lokaci ne?

Ɗalibin Ilimi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin masu lissafi su shigo, ya kamata a fara ajiye abin da ba a jayayya a kansa. Ajali a hannun Allah yake, kuma ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta faɗa ƙarara cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu kuma ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Saboda haka duk wanda ya ce maka a shekara kaza za ka mutu, boka ne ko manhaja ce, ya faɗi abin da bai sani ba.

Sai dai ban ga cewa tambayarka ta faɗa cikin wannan ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne da 70, kuma kaɗan ne ke wuce haka. Wannan magana ce a kan galibin mutane, ba a kan wane da wane ba, shi ya sa shi Manzon Allah ya rasu yana da 63, Sayyidina Usman kuwa ya haura 80. Manomin da ya dubi daminar shekarun baya ya ƙiyasta lokacin shuka ba ya da'awar sanin gaibu, kuma ina ganin ƙiyasinka irin nasa ne matuƙar ka san ƙiyasi ne. A lura kuma da cewa shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kwana 11, don haka 63 ɗin da muka saba ji ba ta wuce 61 ba a lissafin da ake yi wa ma'aikaci ritaya da shi.

Baba Direba:
Alhaji, ni shekara 32 na yi ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma abin da idona ya gani ya hana ni yarda da irin wannan lissafi. Kakana har ya koma ga Allah bai rabu da taba gari da goro ba, kuma kowa a garinmu zai shaida maka ya yi shekara 110. Yaron motata na farko kuwa, wanda ko goro ba ya ci, ya rasu a haɗari bai kai 30 ba. Ina so in ji ko manhajar ta tambaye ka sau nawa kake hawa titi a wata, ko akwai asibiti kusa da gidanka, ko ruwan da kake sha na rijiya ne ko na famfo. Idan ba ta tambaya ba, to ta bar jaki tana dukan taiki.

Mai Lissafi:
Baba, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa, amma ta farkon ina da ja a kanta, zan kuma dawo gare ta. Bari in fara bayyana inda adadin nan na 81 ya fito, domin ba sihiri ba ne. Tun a shekarar 1693 wani Baturen Ingila mai suna Edmond Halley ya ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland, ya tsara jadawalin da ke nuna cewa cikin mutum kaza masu shekaru kaza, nawa ne ke kaiwa baɗi. Bayansa, a 1825, Benjamin Gompertz ya lura cewa haɗarin mutuwa ga baligi yana hauhawa ne bisa wata ƙa'ida, wadda daga baya aka ga tana ninka shi kusan duk shekara takwas. A kan irin wannan jadawali kamfanonin inshora suke dogara har yau, kuma shi ne ƙashin bayan kowace manhaja irin wadda Alhaji ya gwada. Tana ɗaukar matsakaicin mutanen da suka kai shekarunka, ta ƙara maka kaɗan don ka bar taba, ta rage maka kaɗan don teɓa, shi ke nan.

Matsalar ita ce jadawalin wace ƙasa aka ɗora ta a kai. Mafi yawansu a kan na Amurka ko Ingila aka gina su, inda wanda ya faɗi da bugun zuciya motar asibiti ke zuwa ɗaukarsa cikin mintuna. Don haka 81 ɗin nan na wani Ba'amurke ne mai kama da Alhaji a takarda.

Amma kada kuma a zame zuwa ɗaya gefen. Sau da yawa ana jin cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya kimanin shekara 54 ne, sai mai shekara 57 ya ɗauka ya riga ya ci bashi. Ba haka lissafin yake ba. Wannan adadi na jaririn da aka haifa yau ne, kuma mutuwar ƙananan yara ce ke janyo shi ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma ma adadin ya fi haka. A ɗauka an haifi yara goma, biyu suka rasu a goye, takwas suka yi shekara 68 kowannensu. Idan aka haɗa aka raba goma, matsakaicinsu 54 da ɗoriya ne, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya mutu yana da 54. Wanda ya tsallake ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawar yarinta, ya tsallake haɗarin samartaka har ya kai 57, lissafinsa ya canja gaba ɗaya, kuma bisa galibi akwai shekaru goma da 'yan kai a gabansa.

Inna ta Maraɗi:
Ina yi wa kowa sallama. Ni abin da zan tsaya a kai shi ne shekarun kakannin nan da ake ta ambata, 100 da 110. Baba Direba, Allah ya ba ka haƙuri, amma wa ya rubuta ranar haihuwar kakanka? A nan Nijar har yanzu akwai dattawa da yawa da takardarsu ke cewa an haife su wajejen shekara kaza, wasu kuma an ba su 1 ga Janairu kawai don a cike gurbi. Al'adarmu ce da zarar tsoho ya ranƙwafa ya ga tattaɓa-kunne sai a ce ya yi ɗari. Kakata da ta rasu kowa cewa yake ta haura 100, amma da muka bi shekarun babban ɗanta, muka tuna an yi mata aure tana da kamar 14 kuma ta haife shi bayan shekara biyu, sai muka ga ba ta wuce 86 ba. Shekara 86 ma ai Allah ya yi albarka, amma ba ɗari ba ce.

Abu na biyu kuma game da mu mata ne. Ƙannen mahaifiyata biyu sun rasu wajen haihuwa ba su kai 25 ba. Idan na zuba wannan a manhaja za ta ɗauka mu dangin gajeren kwana ne, alhali abin da ya faru shi ne ƙauyen ya yi nisa da asibiti kuma a amalanke aka ɗauko su. Ita mahaifiyata da ta tsallake haihuwa tara ga ta nan tana ta faɗa da jikoki, sai dai tarin da hayaƙin murhu na shekara 50 ya bar mata.

Mai Lissafi:
Inna ta riga ni faɗin abin da na ce zan dawo gare shi. Wannan kuskure ba namu ba ne mu kaɗai. A 2010 hukumomin Japan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsawon rai, sun binciki rajistarsu suka tarar da sunaye fiye da 230,000 na mutanen da a takarda sun haura 100 amma ba a san inda suke ba. Mutumin da aka tabbatar da shekarunsa da takardu ya fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da 122.

Yanzu ga ainihin tambayar Alhaji, wato nawa ne rabon gado a tsawon rai. An bi diddigin tagwaye fiye da 2,800 biyu-biyu da aka haifa a Denmark tsakanin 1870 da 1900, aka kwatanta masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba, aka tarar gado ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai. Wani bincike na 2018 da ya yi amfani da salsalar mutane miliyan ɗaruruwa ya ma sauko da shi ƙasa da kashi 10 cikin 100, domin an lura cewa har surukai, waɗanda ba jini ɗaya ba, shekarunsu kan yi kama. Dalili kuwa shi ne mutane na auren wanda suka yi daidai da shi a wadata da ilimi da wurin zama, don haka abin da ake gani kamar gadon jini, rabinsa gadon tukunya ne da gadon unguwa.

Ko a gidan da tarihi ya rubuta mana shekarunsu za a ga haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a 1754 ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya rasu a 1837 yana da kimanin 56, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kai 1864, ta haura 70, alhali Hassan da aka haife su tare ya rasu tun yana matashi. Uba ɗaya ne, amma ba wanda zai iya ciro shekarun ɗaya daga na ɗaya.

Tsohon Akawu:
Malam, idan na fahimce ka, kana nufin in manta da mahaifina da kakana duka, in manta da manhajar ma. To me ya rage mini ke nan?

Malamar Jinya:
A'a Alhaji, kada ka manta da mahaifinka ko kusa. Na yi shekara 24 a ɗakin jinyar maza, kuma a ganina tun farko an karkata tambayar. Ana ta tambayar shekara nawa suka yi, alhali abin da zai amfane ka shi ne me ya yi ajalinsu. Mutum biyu 'yan ciki ɗaya da ɓarin jikinsu ya shanye wajejen shekara 60, wannan ba sai an nemo manhaja ba, hawan jini ne ake fara zargi, kuma hawan jini yana bin dangi. Ba ya kuma sallama. Mutum zai yi shekara goma da shi yana zuwa ofis yana dawowa ba ko ciwon kai, ranar da zai faɗi sai a ce jifa aka yi masa ko iska ta buge shi. Na karɓi irin waɗannan marasa lafiya ba adadi, kuma mafi yawansu ba a taɓa ɗaura musu abin awo a hannu ba sai ranar da aka kawo su ranga-ranga. Idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to magani ya kama, kuma maganin ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye.

Abin da muke tambaya a asibiti ƙayyadadde ne. Shin uba ko ɗan'uwa namiji ya gamu da ciwon zuciya kafin 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65? Akwai ciwon suga a iyaye? Akwai sankarar mama ko ta hanji da ta kama mutum fiye da ɗaya, musamman da ƙuruciya? Akwai waɗanda cikinsu ya kumbura idonsu ya yi ɗorawa kafin su rasu? Wannan na ƙarshen ina so a lura da shi, domin ciwon hanta nau'in B yana bin gida kamar gado amma ba gado ba ne. Ƙwayar cuta ce da uwa ke iya ba jariri wajen haihuwa, ta kwanta shekara 30 ko 40 sa'an nan ta taso da sankarar hanta, kuma akwai gwajinta, akwai rigakafin da ake yi wa jariri ranar da aka haife shi. Sikila ita ce gado na zahiri, ita kuwa tun kafin aure ake tare ta, domin idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Game da taba kuwa ina da albishir. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Ingila maza fiye da 34,000, aka bi su shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna mai shan sigari yana asarar kimanin shekara 10, amma wanda ya bari yana da 30 ya ceto kusan duka, mai 40 ya ceto kimanin 9, mai 50 kimanin 6, mai 60 ma ya ceto 3. Kai da ka bari kana da 41 ka kuɓutar da mafi yawan abin da taba za ta ci maka. Abin da ya rage a hannunka yanzu shi ne gishiri da zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi, kuma a samu minti 150 na motsa jiki a mako. Akawun da ya yi shekara 30 a kujera ya san inda nasa lissafin ya tsaya.

Baba Direba:
Hajiya, na karɓi gyaran Inna a kan shekarun kakana, domin gaskiya ba wanda ya rubuta. Amma taba dai ya sha ta, kuma ya tsufa tukuf. Wannan ba a takarda na gani ba.

Malamar Jinya:
Ban musa ba Baba, ana samun irinsa. Sai dai kai da ka san titi, ka san akwai direban da ya yi shekara 20 yana tuƙi da birki marar kyau bai taɓa faɗuwa ba, kuma na tabbata ba za ka ba ɗanka wannan motar ba. Kakanka muna jin labarinsa ne saboda ya daɗe har jikoki suka san shi. Abokan shan tabarsa da tari ya ɗauke tun suna da 50, ba su bar wanda zai zo nan ya ba da labarinsu ba.

Mai Lissafi:
In ƙara a kan na Hajiya. Wani bincike na jami'ar Harvard da ya fito a 2018, wanda ya bi ma'aikatan lafiya fiye da 120,000, ya tarar cewa a shekara 50, macen da ta haɗa halaye biyar masu kyau tana da ƙarin kimanin shekara 14 a kan wadda ba ta da ko ɗaya, namiji kuma kimanin 12. Halayen su ne rashin shan taba, daidaiton nauyi, motsa jiki na rabin awa kullum, abinci mai kyau, da taƙaita barasa. Waɗannan mutanen Amurka ne masu albashi da asibiti a kusa, don haka ba zan ɗauko adadin in ɗora wa Bazazzagi ko Bakatsine ba, amma girman tazarar ya isa ya nuna cewa ɗabi'a ta fi salsala nauyi a sikeli.

Game da fansho kuwa, Alhaji, ko da adadin da aka ba ka daidai ne, tsakiya ce kawai, wato kusan rabin mutane irinka za su wuce shi. Wanda ya tsara kuɗinsa su ƙare daidai da adadin, ya yarda ke nan da cewa in ya faɗa cikin wannan rabin zai tsufa hannu rabbana. Shi ya sa masu wannan fanni ke cewa a yi tsarin kuɗi kamar za a daɗe. Ka kuma tambaye su dalla-dalla abin da iyali za su samu a kowane tsari idan rai ya yi halinsa da wuri, da yadda hauhawar farashi za ta ci abin da ake biyanka bayan shekara 15.

Ɗalibin Ilimi:
Maganar Hajiya ta tuna mini da Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Awon jini da shan magani suna cikin wannan babi. Akwai kuma abu ɗaya da na tabbata manhajar ba ta tambaya ba, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai son a yalwata masa arziki a kuma jinkirta masa ajali ya sada zumuncinsa. Tun da Alhaji yana buƙatar sanin abin da ya yi ajalin magabatansa, ga dalili ya samu na kai wa tsofaffin gidansu ziyara.

Tsohon Akawu:
Jama'a, na yi shiru kwana tara ne domin in aikata abin da kuka ce kafin in dawo. Na je ƙauye wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ce kakana yakan ba su labarin cewa yana yaro mai kiwon awaki aka yi yunwar Kakalaba, wadda aka yi wajejen 1914. Idan yana da tara ko goma a lokacin, kuma ya rasu a 1988, to shekarunsa 83 ne ko 84, ba ɗari ba. Ta kuma gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa mahaifiyarsu, wato kakata, ita ma faɗuwa ta yi a bakin murhu bakinta ya karkace, ta yi kwana 40 ba ta magana sa'an nan ta cika. Ashe mutum uku ne, ba biyu ba, kuma ta wajenta abin ya biyo.

Na auna jinina sau uku a ranaku daban-daban kamar yadda Hajiya ta ce. Na farko 158 bisa 96, na biyu 152 bisa 94, na uku 160 bisa 98, ni kuwa ko jiri ban taɓa ji ba. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya kuma rubuta mini gwajin suga da na ƙoda da na hanta. Don son sani na koma manhajar na gaya mata ina da hawan jini, sai ta zabge mini shekara biyar nan take, na yi dariya na goge ta daga wayar.

Maganar fansho ban yanke ba tukuna, domin uwargida ta ce ita ma tana da ta cewa, tun da na girme ta da shekara 11 kuma autarmu tana aji biyu na sakandare. Ranar Talata zan koma karɓar sakamakon gwajin, kuma na kira ƙannena biyu da babban ɗana na ce su same ni a can da ƙarfe takwas a auna su.